Matambayi Ba Ya Ɓata: Man Shafawa na Jika Biyar da Biyayyar da Allah Yake Nema

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan, daga cikin garin Maraɗi da garuruwan da ke kewaye da shi, kusan dukansu sun taru a kan magana guda, wato yadda mai bi zai rarrabe tsakanin wanda yake koyar da Maganar Allah da wanda yake cin kasuwa da sunan Almasihu. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su da na waɗanda suke kuka da su, domin halin ne abin dubawa a nan.

TAMBAYA: Baba Malam, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce a unguwar Zariya. Bayan girbi wani baƙon mai wa'azi ya sauka garinmu, ya kama ɗakin taro na kwana uku, jama'a suka cika maƙil. Yana sayar da ƴar kwalbar mai jika biyar, yana kuma cewa duk wanda ya "shuka iri" na jika ashirin, Allah zai ninka masa sau ɗari kafin kwana arba'in. Mahaifiyata tana fama da ciwon suga shekara shida ke nan. Ya ɗora mata hannu, ya ce ta warke, ya ce shan magani bayan addu'a rashin bangaskiya ne. Yau mako biyu ke nan da ta bar ƙwayoyinta, ina ganin tana ramewa, ruwa kuma ba ya isar ta. Ni ma na sayar da akuyata na ba da irin. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ina tsoron kada in yi wa Allah rashin biyayya. Me zan yi?

AMSA: Ƴata, kafin mu shiga doguwar magana, ki ajiye mujallar nan ki kai Inna asibiti yau, a auna sugan jininta, ta koma kan maganinta yadda likita ya tsara mata. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari da ramewa alamu ne na cewa sugan ya hau, kuma idan ya hau aka bar shi yakan taɓa ido da ƙoda, ya hana rauni a ƙafa warkewa, wani lokaci ma ya kai mutum ga dogon suma. Idan ta ce tana tsoron ɓata warkarwar da aka yi mata, ki tuna mata cewa Yesu da kansa, da ya warkar da kutare goma a Luka sura 17, sai ya aike su wurin firistoci domin a duba su a tabbatar. Warkarwar da ta fito daga wurin Allah ba ta tsoron awo. Idan Inna ta warke da gaske, na'urar asibiti za ta nuna, likita ne da bakinsa zai ce ta bar magani, mu kuwa mu taru mu yi godiya.

Maganar cewa shan magani rashin bangaskiya ne ba ta da tushe a Littafi Mai Tsarki. Luka, wanda ya rubuta bishara guda da littafin Ayyukan Manzanni, likita ne, Bulus kuwa ya kira shi ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14. Shi Bulus ɗin nan, wanda Allah ya warkar da mutane masu yawa ta hannunsa, shi ne ya ba Timoti shawarar abin da zai riƙa sha saboda cikinsa da yawan laulayinsa, shi ne kuma ya rubuta a 2 Timoti 4:20 cewa ya baro abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Bai zarge su da ƙarancin bangaskiya ba. Sa'ad da Allah ya yi wa sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara goma sha biyar, annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun, alkawari da magani suka tafi tare. Mu ma a ƙasar nan ba da wata bishara dabam aka same mu ba. Ƴan mishan da suka fara aiki a Damagaram a 1924, suka zo Tsibiri bayan ƴan shekaru, su ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja a 1956, kuma kakanninmu da yawa a layin karɓar magani suka fara jin sunan Yesu. Da safe a yi addu'a, a idar a wanke rauni a ɗaure, ba wanda ya taɓa ganin saɓani a tsakanin biyun.

Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, domin na taɓa zama a gefen tabarmar wani dattijo, mai bi na kirki, wanda aka gaya wa irin abin da aka gaya wa mahaifiyarki game da maganinsa na hawan jini. Da na isa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, yana so ya gaishe ni kalma ba ta fita. A bakin taga ga ƴar kwalbar man nan saura rabi, ƙura ta lulluɓe murfinta, a gefenta kuma ga kwalin ƙwayoyinsa ko ɓare shi ba a yi ba. Matarsa ta yi ta kiran lambar mai wa'azin a gabana, wayar a kashe. Dattawan ikkilisiyarsa, waɗanda ya ɗan ja baya da su a watannin nan yana ganin ba su da iko, su ne suka haɗa kuɗin motar da ta kai shi asibiti.

Sai batun kuɗi. A Ayyukan Manzanni sura 8, wani Saminu mai sihiri a Samariya ya ga ana karɓar Ruhu Mai Tsarki ta wurin ɗora hannun manzanni, sai ya miƙa kuɗi domin a ba shi wannan iko, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, tun da ya yi tsammani baiwar Allah abin saye ce. Idan mai son saye ya sha irin wannan tsawa, ina ga mai sayarwa? Na'aman, shugaban yaƙin Suriya, ya zo wurin Elisha da azurfa da zinariya da riguna goma, ya warke daga kuturta, ya yi ta roƙo a karɓi kyautarsa, annabin ya rantse ba zai karɓi kome ba. Baransa Gehazi ne ya bi bayan mutumin da ƙarya ya karɓo, kuturtar kuwa ta koma kansa. Yesu da ya aiki almajiransa a Matiyu 10:8 ya ce musu kyauta suka samu, kyauta za su bayar. Shafa wa marar lafiya mai yana nan a Yakubu 5:14, amma ki karanta ki ga yadda aka tsara shi: marar lafiya ne yake kiran dattawan ikkilisiyarsa, mutanen da suka san shi ya san su, su zo su yi masa addu'a, babu kwalba ta musamman, babu farashi.

Ba zan ɓoye miki ba cewa Bulus ya kwatanta bayarwa da shuka a 2 Korantiyawa sura 9, kuma a nan masu "shuka iri" suke laɓewa. Sai dai gudummawar da yake magana a kai ta matalautan masu bi ce na Urushalima, ko dala ɗaya ba ta shiga aljihunsa ba, kuma a sura ta 8 ya bayyana cewa an haɗa Titus da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa domin su raka kuɗin, don kada kowa ya sami abin zargi. Ya ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba. Babu adadi, babu wa'adin kwana arba'in. Wannan cuta tsohuwa ce, masu bi na farko ma sun sha fama da ita. Akwai wata ƙaramar takardar koyarwa ta ikkilisiyar farko da ake kira Didake, wadda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, aka gano kwafinta a Istambul a 1873. A ciki an ce baƙon da ya zo da sunan manzo a karɓe shi kwana ɗaya ko biyu, in zai tafi a ba shi gurasar da za ta kai shi masauki na gaba, amma idan ya nemi kuɗi, annabin ƙarya ne. Ba Nassi ba ce, amma tana nuna mana ma'aunin da mutanen da suka fi mu kusa da zamanin manzanni suka riƙe.

Ke mai man gyaɗa ce, kin san aikinki. Idan aka kawo miki jarka daga wata kasuwa, ba kya biya don mai shi ya iya baki ko don jarkar sabuwa ce, sai kin buɗe kin shinshina, kin ɗiga a tafin hannu kin murza, kin ga ko an surka shi da wani mai. Ba wanda ya taɓa cewa kin ci mutuncin mai kaya don kin yi haka, sai wanda ya san kayansa ba su da kyau. Abin da 1 Yahaya 4:1 ta umarce mu ke nan game da masu wa'azi, cewa kada mu gaskata kowane ruhu, mu gwada su mu gani ko na Allah ne. Gwadawar nan umarni ce, saboda haka rashin kwanciyar zuciyar da kika ji ba tawaye ba ne. Game da akuyarki, kada kunya ta hana ki gaya wa fastonku da dattawa abin da ya faru, domin ba ke kaɗai ba ce, kuma shirun waɗanda aka cuta shi ne jarin irin waɗannan mutane idan suka sauka gari na gaba. Ƙaunar mahaifiyarki ce ta sa kika bayar, Allah kuwa ya ga wannan.

TAMBAYA: Malam, ni matashi ne, ina gyaran babura a kusa da tasha, ina kuma cikin ƙungiyar mawaƙa a wata sabuwar majami'a. Shugabanmu yana cewa biyayya ta fi hadaya, kuma duk wanda ya yi masa tambaya a kan kuɗin baiko ya taɓa shafaffen Ubangiji, la'ana za ta bi shi. Ba mai aure ko tafiya sai da izininsa. Kwanan nan ya ce in daina aika wa iyayena kuɗi a ƙauye wajen Madarumfa tun da su ba masu bi ba ne, in riƙa kawowa bagade. Shin ƙin bin maganarsa ƙin bin Allah ne?

AMSA: Ɗana, ka ci gaba da aika wa iyayenka abin da ka saba aikawa, in da hali ma ka ƙara. Abin da aka ce ka yi shi ne ainihin abin da Yesu ya tsauta wa Farisiyawa a kai a Markus 7:9-13. Sun koya wa mutane cewa idan mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya zama keɓaɓɓe ga Allah, to, ya fita daga hakkinsu, Yesu kuwa ya ce da wannan al'ada sun soke Maganar Allah. Umarnin girmama uwa da uba bai zo da sharaɗin sai in addininku ɗaya ba, kuma 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman mutanen gidansa, ya yi musun bangaskiya. A ƙasarmu, inda gida ɗaya za ka tarar da Musulmi da Kirista suna cin tuwo a akushi guda, yadda ka riƙe tsofaffinka shi ne wa'azin da dangi za su fara ji daga gare ka, kuma idan suka ga shiga majami'a ta sa ka yanke musu kuɗin gero a tsakiyar bazara, ba bakin da zai iya gyara wannan ɓarna.

Ayar da yake jawowa, cewa biyayya ta fi hadaya, tana 1 Sama'ila 15:22, kuma in ka karanta surar gaba ɗaya za ka ga ta juya a kansa. Allah ya ba sarki Saul umarni a fili, Saul ya bi rabi ya bar rabi, ya ajiye tumaki da shanu masu ƙiba, da aka tambaye shi sai ya ce ai don a yi wa Ubangiji hadaya ne. Ka ga shugaba ne aka tsawata wa, laifinsa kuwa shi ne ya karya umarnin Allah ya lulluɓe karyawar da sunan baiko. Haka nan maganar kada a taɓa shafaffu, wadda take Zabura 105:15. A can ana ba da labarin Ibrahim da Ishaku da Yakubu suna yawo baƙi a ƙasashen mutane, Allah yana gargaɗin sarakuna kada su cuce su. Ba a yi ta don ta zama garkuwar shugaba daga tambayar jama'arsa ba. Dawuda ya ƙi kashe Saul a cikin kogo domin shafaffe ne, amma da suka fito ya ɗaga murya ya faɗa masa laifinsa a gaban sojojinsa. Natan ya shiga fada ya ce wa Dawuda shi ne mai laifin. Bulus ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya, a gaban kowa, kamar yadda ya rubuta a Galatiyawa sura 2, Bitrus kuwa bai la'ance shi ba.

Gaskiya ne Ibraniyawa 13:17 ta ce mu yi biyayya ga shugabanninmu, ni ma ina koyar da haka, domin ikkilisiyar da kowa yake gaban kansa ba ta daɗewa. Amma ayar ta ci gaba da cewa su masu tsaron rayuka ne waɗanda za su ba da lissafi, Bitrus kuma ya gargaɗi dattawa a wasiƙarsa ta fari, sura 5, kada su yi kiwo don ƙazamar riba, kada kuma su nuna wa garken sarauta. Ikon fasto aro ne, iyakarsa inda Maganar Allah ta tsaya. Idan ya ce ka bar sata, ka bar fasikanci, ka shirya da wanda kuka yi faɗa, ka bi shi ko da ranka ba ya so, gama ba maganarsa ba ce. Idan ya umarce ka da abin da Allah ya hana, amsar ita ce wadda manzanni suka ba majalisa a Ayyukan Manzanni 5:29, cewa wajibi ne a fi yi wa Allah biyayya a kan mutane. Mutanen Biriya manzo Bulus ne da kansa ya yi musu wa'azi, duk da haka kowace rana sai sun koma sun bincika Littattafai su ga ko haka ne, kuma yabonsu aka yi a kan wannan.

Ba ina cewa shugabanku ya kai inda waɗansu suka kai ba, amma ya kamata ka san inda irin wannan hanya take ɓullewa. Ranar 18 ga Nuwamba 1978, mabiyan wani Ba'amurke mai suna Jim Jones fiye da 900 suka mutu da guba a sansaninsu a ƙasar Guyana. Ranar 17 ga Maris 2000, ɗaruruwan mutane suka ƙone a cikin ɗakin sujadar wata ƙungiya a Kanungu ta ƙasar Yuganda. A 2023 aka tono gawa fiye da 400 a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, inda aka koya wa mutane su yi azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya fara da kisa. Da raba mutum da danginsa aka fara, da karɓe abin hannunsa, da mai da tambaya zunubi, har ya zama babu muryar da ta rage a kunnensa sai ta mutum ɗaya.

Ka same shi kai kaɗai, cikin ladabi, da Littafinka a hannu, ka nuna masa Markus 7. Idan bai saurara ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu daga cikin dattawa, kamar yadda Matiyu 18 ta tsara. Ku nemi abin da kowace ikkilisiya mai tsari take yi, wato mutum biyu ko uku su ƙirga baiko tare, a rubuta a littafi, ma'aji ya zama dabam da fasto, a karanta wa jama'a lissafi lokaci lokaci. Ku tambaya kuma ko akwai wata majalisa ko wasu shugabanni da suke sama da shi, waɗanda za su iya kiran sa su gyara masa. Idan amsar ita ce babu kowa sai Allah, aka kuma bi ku da la'ana, ka ɗauki Littafinka ka nemi ikkilisiyar da ake buɗe Magana ana kuma buɗe littafin kuɗi, ba tare da zagi ko tada husuma ba. La'anar da ba dalili ba ta sauka a kan kowa, haka Karin Magana 26:2 ta ce.

TAMBAYA: Malam, wani annabi da nake bi a WhatsApp ya kira ni, ya faɗi sunan mahaifiyata da sunan garinmu Tsibiri da shekarar da kantina ya karye, alhali ban taɓa ganin sa ba. Ya ce goggona ce mayya, ita ta ɗaure arzikina. Idan ba na Allah ba ne, ta ina ya san waɗannan abubuwa?

AMSA: Ɗan'uwa, ka fara da tuna abin da ka taɓa rubutawa a zauren nan na WhatsApp, da takardar neman addu'a da wataƙila ka cika, da abin da yake a shafinka na Facebook, da kuma wanda ya saka ka a zauren tun farko. A Amurka an yi wani mai wa'azi, Peter Popoff, wanda yake kiran sunayen mutane da cututtukansu da adireshinsu a tsakiyar taro, sai a 1986 masu bincike suka kama muryar matarsa tana karanto masa bayanan ta wata ƴar na'ura da ke cikin kunnensa, daga takardun addu'ar da mutanen suka cika da hannunsu a bakin ƙofa. A yau da waya take hannun kowa, aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

A ce ma ba ta wannan hanya ya sani ba, sanin ɓoyayyen abu ba hatimin Allah ba ne. Baiwar nan ta Filibi a Ayyukan Manzanni 16 tana duba, iyayengijinta suna samun kuɗi da ita, abin da take faɗa game da Bulus kuma gaskiya ne, amma aljani ne yake magana, Bulus ya fitar da shi. Maimaitawar Shari'a sura 13 ta ce ko da alamar da annabi ya faɗa ta cika, idan yana janye ka daga hanyar Ubangiji kada ka saurare shi. Yesu kuma ya ce a Matiyu 7:22-23 a ranar ƙarshe mutane da yawa za su zo suna cewa sun yi annabci da mu'ujizai da sunansa, ya ce musu bai taɓa sanin su ba. Abin da ya ce mu duba shi ne ƴaƴan da itacen yake bayarwa.

To, ɗan da wannan annabci ya haifa shi ne ka fara kallon ƙanwar mahaifinka da idon ƙiyayya. Mu Hausawa mun san wannan magana tun kafin a haife mu, domin ita ce maganar boka: wani na jikinka ne ya yi maka, kawo kaza in karya. An canza riga ne kawai. Ka san abin da kalmar maita take yi wa tsohuwa a gari, yadda yara za su guje ta, a daina karɓar abincinta, jikokinta mata su rasa manema. Ɗora mata wannan ba tare da hujja ba shaidar zur ce, wadda Allah ya haramta a cikin Dokoki Goma. Karyewar kanti kuma tana da dalilan da za a iya zama a lissafa, kamar bashin da aka ci ba a biya ba, da hawa da saukar naira a kan sefa wanda duk ɗan kasuwar Maraɗi ya san zafinsa, da rufe iyaka da ya tsayar da kaya. Ka fita daga zauren, kada ka tura masa ko dala, ranar kasuwa kuma ka sayi goro da sabulu ka je ka gaishe da goggonka.

TAMBAYA: Malam, ni tsohuwa ce a zumuntar mata. Fastonmu ya shekara goma sha biyu tare da mu, ba ya ihu, ba ya annabci, kuma kwanan baya ya yi kuskure a wa'azi, ya ɗora wa Iliya abin da Elisha ya yi. Yanzu matasa suna cewa ba shi da Ruhu, wasu har suna kiran sa malamin ƙarya. Haka ne?

AMSA: Mama, na gode da wannan tambaya, domin bayan duk abin da na faɗa a sama ina tsoron kada wani ya ɗauki sanda ya shiga farautar fastoci. Kuskure dabam, yaudara dabam. Afolos mutum ne mai iya magana, masanin Littattafai, amma saninsa bai cika ba, baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Da Bilkisu da Akila suka ji shi a Afisa, sai suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah, ya karɓa, ya zama mai amfani ƙwarai ga ikkilisiya. Wanda aka gyara masa ya yi godiya ba malamin ƙarya ba ne. Malamin ƙarya shi ne wanda ya sauya bisharar kanta, ya yi musun cewa Yesu Almasihu ya zo cikin jiki, ya mutu ya tashi, ko ya ɗora wa ceto farashin da Allah bai ɗora ba, aka nuna masa kuma ya taurare.

Rashin ihu da rashin al'ajabi ba su ne ma'auni ba. Yahaya 10:41 ta shaida cewa Yahaya Maibaftisma bai yi mu'ujiza ko ɗaya ba, amma duk abin da ya faɗa game da Yesu gaskiya ne. Korantiyawa ma sun raina Bulus, suka ce a ido ba shi da kwarjini, maganarsa kuma ba ta da armashi. Ki sa a karanta wa matasan nan 1 Timoti sura 3, inda aka jera halayen mai kula da ikkilisiya: marar abin zargi, mijin mace ɗaya, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, mai iya koyarwa, ba mashayi ba, ba mai faɗa ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙe gidansa. Shekara goma sha biyu sun isa a san ko mutum yana da waɗannan, ku kuwa mata kun fi kowa sani, domin ku ne kuke ganin wanda yake zuwa da tsakar dare idan zazzaɓin damina ya kama yaro, da wanda yake tsayawa a makabarta har a gama.

Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932, yanzu kuma har a waya ana iya sauraron sa ga wanda idonsa ya raunana ko bai yi karatu ba. Ki roƙi fasto ya ware yamma ɗaya a mako, matasan nan su zauna da shi da ku iyaye a karanta littafin Sarakuna na biyu daga farko, sura bayan sura, kowa ya yi tambayarsa. Batun Iliya da Elisha kuma, ke da ɗaya daga cikin dattawa ku same shi a gida bayan sujada ku gaya masa a hankali, idan kuma rumbunki da sauran albarka, ki riƙa masa tiya biyu ta gero.